Tasirin me ake aunawa a tsarin birni alhali ko bulo ɗaya ba a aza ba?

"An saka ni cikin kwamitin mazauna gari da zai duba sabon tsarin faɗaɗa birninmu na shekara 25. Tare da taswirar an ba mu rahoton tasirin muhalli mai shafi fiye da 500, aka ce mu kawo ra'ayi cikin mako shida. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba a gina komai ba tukuna, to tasirin me aka auna? Kuma ai kowane babban gini in ya tashi za a yi masa nasa binciken, wannan ba maimaici ba ne? Ni ba injiniya ba ce, ta ina zan fara karantawa?"

Malama, sannu da ɗaukar nauyi. In na fahimce ki, abu uku kike tambaya: yadda ake auna illar abin da bai wanzu ba, ko wannan bincike na da wani amfani da binciken gini ɗai-ɗai ba zai yi ba, da kuma inda mutum zai kama a takarda mai kauri haka. Na daɗe a wannan aiki. Wani lokaci ina cikin masu rubuta rahoton, wani lokaci a miƙo mini na wasu in duba. Abin da na fi tabbata da shi shi ne, darajar shafukan nan 500 ta rataya a kan abu ɗaya: shin har yanzu ana iya matsar da layi a taswirar? In ana iyawa, makonni shidan da aka ba ku sun fi duk wani zama da za a yi nan gaba a kan ginin birnin nauyi.

Yadda aka faro

Amurka ce ta fara mayar da irin wannan bincike doka. Majalisarta ta zartar da dokar manufar muhalli ta ƙasa a 1969, Shugaba Nixon ya sa mata hannu ranar 1 ga Janairu 1970, ta wajabta wa hukumomin tarayya su bayyana illar babban aiki kafin su yanke shawara a kansa. A shekarar 1970 ɗin ce jihar Kalifoniya ta yi tata dokar, wadda a ƙarƙashinta babban tsarin birni shi kansa sai ya bi ta wannan tankaɗe. Ƙasashe da dama suka bi sawu, amma galibi a kan aiki ɗai-ɗai: madatsar ruwa, babbar hanya, masana'anta.

Da tafiya ta yi tafiya sai aka gane gurguntar hakan. Mai bincike yakan iso ne bayan an zaɓi wuri, an biya diyyar filaye, an gama zane, wani lokaci har an ba da kwangila. Abin da ya rage masa shi ne ya ce a riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura, a dasa bishiyoyi a bakin katanga. Ihu bayan hari ke nan. Shi ya sa a 2001 Tarayyar Turai ta fitar da umarnin cewa a tantance tsare-tsare su kansu, na amfani da ƙasa da sufuri da ruwa da shara da makamashi, kafin a amince da su. A 2003 aka sa hannu kan wata yarjejeniya irin wannan a birnin Kiev, ta fara aiki a 2010. Rahoton da ke hannunki daga wannan zuri'a yake.

Da yayyafi kogi kan cika

A nan ne amsar tambayarki ta maimaici take, kuma ina so in daɗe a kanta. Ɗauki biro mu yi lissafi tare. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan hekta 1, lita 10,000 ke nan. Ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a yammaci ɗaya ya zama lita 500,000 a kowace hekta. A ƙasar da ke da ciyawa da bishiya, kusan kashi 10 cikin 100 ne ke gudu a sama, sauran ƙasa ta sha ko ya koma sama. Inda rufin kwano da kwalta da siminti suka mamaye, abin da ke gudu yakan kai kashi 55. Wato hektar da ke sakin lita 50,000 a da, yanzu 275,000 take saki. In tsarin ya ware hekta 1,000 don sabbin unguwanni, lita miliyan 50 ta koma miliyan 275, kuma ruwan ba a hankali zai taho ba, kwata da kwalbati za su tattaro shi su watsa wa rafi a lokaci ɗaya.

To mai rukunin gidaje na hekta 5 in ya kawo nasa rahoton ya ce abin da zai ƙara wa rafin bai taka kara ya karya ba, gaskiya ya faɗa. Na kusa da shi ma gaskiya zai faɗa. Mutum ɗari biyu kowa da gaskiyarsa, amma unguwar da ke gangare ta kwana a cikin ruwa. Kuma kada ki manta, yawancin gine-ginen birni, gidan mutum ɗaya, shago, ƙaramin wurin sana'a, ba sa kai girman da doka ke neman a yi musu bincike. Mafi yawan birnin da za a gina cikin shekara 25 ba wanda zai taɓa auna shi, in ba a wannan rahoto ba.

Birnin Houston na Amurka ya ga haka. A shekarun 1940 aka gina tafkunan tare ambaliya biyu a yammacinsa, Addicks da Barker, a lokacin wurin gonaki ne da makiyaya. Gwamnati ba ta sayi duk filin da ruwa zai iya kwantawa a bayan madatsun ba, sai birni ya matso, aka yanka fuloti, aka gina unguwanni a ciki. A watan Agusta 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwa fiye da milimita 1,000 a wasu sassan yankin, tafkunan suka cika kamar yadda aka gina su su yi, dubban gidaje suka nutse. Da yawa daga masu gidajen ba su san a cikin tafki suke zaune ba. Chennai ta Indiya kuma ta cike mafi yawan dausayin Pallikaranai da gine-gine da juji. A Disamba 2015 ambaliya ta cinye ta, a Yuni 2019 manyan tafkunanta huɗu suka kusa ƙafewa. Masifa biyu ne da ake gani kamar kishiyoyi, amma suna da tushe guda, domin dausayin da ke riƙe ruwa da damina shi ne ke shayar da ƙasa don rani.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma haka yake tafiya. Rijiyar burtsatse ɗaya ba ta girgiza kowa. A Jakarta, inda ruwan famfo bai wadatar ba jama'a suka koma zuƙo na ƙasa, arewacin birnin yana nutsewa da santimita da dama duk shekara, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta sanar a 2019 cewa za ta sauya wa babban birninta mazauni.

Yadda ake auna abin da bai faru ba

Ba duban bokaye ake yi ba. Ana farawa ne da yadda ƙasa take yau: ina ruwa ke bi, ina yake kwanciya, zurfin nawa ake samun ruwan rijiya kuma yana sauka ko yana nan, wace ƙasa ce ta noma mai kyau, ina iska ke fitowa a kowane lokaci na shekara, shara tan nawa ake kwashewa kuma jujin saura shekara nawa ya cika. Sannan a ɗauki taswirar tsarin, a mayar da launukanta lissafi. Wurin da aka shafa wa launin gidaje, gida nawa zai ɗauka a hekta, mutum nawa ke nan, lita nawa za su sha a rana, nawa za su zubar, tafiya nawa za su yi zuwa aiki da makaranta. A ƙarshe a ɗora wannan a kan wancan a ga inda suka yi karo.

Raunin yana wajen ƙiyasin yawan jama'a. Birni mai mutum miliyan 1, in yana ƙaruwa da kashi 2 cikin 100 a shekara, bayan shekara 25 zai kai kusan miliyan 1.6. In kashi 4 ne, ya doshi miliyan 2.7. Tazarar nan ta fi birnin na yau girma. Kuma abin yakan juya baya: Detroit ta Amurka tana da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950, a ƙidayar 2020 ba ta kai 640,000 ba. Saboda haka rahoto mai kyau yakan gwada ƙiyasi biyu ko uku, ya nuna wace shawara ce za ta tsaya ko wanne ya tabbata. In kin ga lamba ɗaya tak an gina komai a kanta, ki tambayi daga ina aka samo ta.

Ki kuma lura da kalmar "ambaliyar shekara ɗari". Ba sau ɗaya a ƙarni take nufi ba. Tana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, wanda in aka tara cikin shekara 25 ya haura kashi 22. Kuma da alƙaluman ruwan saman baya aka lissafa ta, alhali sauyin yanayi na ƙara wa ruwa mai ƙarfi ƙarfi.

Babin zaɓi

Da za a ce in yage rahoton in bar babi ɗaya, wannan zan bari, wato babin da ke kwatanta hanyoyi daban-daban da birnin zai iya bi ya girma. Birni zai girma ko an so ko ba a so, don haka abin tattaunawa shi ne ta wane ɓangare, da wane irin cunkoso, kuma me za a fara. A cike guraren da ke cikin gari da gidaje masu hawa uku ko huɗu? A miƙe tare da layin bas ko jirgin ƙasa? A buɗe sabon gari a gefe? Kowanne da abin da yake ci. Cike cikin gari na ceton gonaki da rage tafiya, amma yana ɗora wa tsofaffin bututu da magudanai nauyi, yana ƙara zafi in ba a bar wa bishiya wuri ba, kuma yakan tsawwala kuɗin haya har talaka ya fita. Bazuwa waje na ba mutane sarari, amma kowane gida sai an ja masa hanya da bututu da waya mai tsawo, kuma kusan kowa sai ya hau abin hawa kafin ya sayi ko allura. Ni dai a mafi yawan biranen da na duba na fi karkata ga cikewa tare da layin sufuri, bisa sharaɗin a gyara magudanai kafin a ƙara mutane.

Dabarar da na fi gani ana yi ita ce a kawo zaɓi uku, biyu daga ciki an ƙirƙiro su ne don su faɗi, na ukun kuma shi ne wanda aka riga aka so. Za ki gane haka in kin ga an yi wa ɗaya lissafi shafi arba'in, sauran kuma sakin layi bibbiyu. Akwai kuma zaɓin "a bar abin yadda yake", wanda dokoki da yawa ke wajabtawa. Ki duba yadda aka fassara shi. Ma'anarsa ta gaskiya ita ce birnin ya ci gaba da girma a ƙarƙashin tsohon tsari ko ba tsari, ba wai komai ya tsaya cak ba.

Inda aka yi abin da gaske, ana ganin sawunsa. Jihar Oregon ta Amurka ta yi doka a 1973 cewa birane su shata iyakar girma, yankin Portland ya shata tasa a 1979, ana bitarta lokaci-lokaci don a tabbatar akwai filin gidaje na shekara 20 a ciki. Har yau ana muhawara kan yadda ta shafi tsadar gidaje, kuma muhawarar na da tushe. Stuttgart ta Jamus tana cikin kwari ne inda iska ba ta motsi sosai, tun 1938 take da sashen nazarin yanayin birni, kuma tana hana gini a wasu gangaren tsaunuka don iska mai sanyi ta samu hanyar sauka cikin gari da dare. New York kuwa a 1997 ta ƙulla yarjejeniya da ƙauyukan tsaunukan Catskill, ta zaɓi kare ƙasar da ruwanta ke fitowa maimakon gina ƙatuwar matatar ruwa. Duk waɗannan shawarwari ne na "a ina", ba a iya yanke su a teburin mai neman izinin gini.

Kan hanya da iska ba zan ja ba. Faɗaɗa titi yakan jawo ƙarin motoci har ya sake cika. Binciken masana tattalin arziki Duranton da Turner na 2011 a biranen Amurka ya samu cewa tuƙi na ƙaruwa kusan daidai da ƙarin tsawon titi. Kalifoniya ta yi doka a 2013, ta fara aiki a faɗin jihar a Yuli 2020, ta daina auna tasirin sufuri da daɗewar mota a mahaɗa, ta koma auna jimillar kilomitar da za a tuƙa. Ki duba da wanne rahotonku ya auna. A iska kuma ki nemi ƙurar nan mai laushi da ake kira PM2.5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ma'auninta na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kyubik mita a 2021.

Abin da na gani da idona

Wata shekara aka ba mu duba wani fili da tsari ya ware wa gidaje. A taswira shimfiɗaɗɗe ne, hoton tauraron ɗan'adam kuma da rani aka ɗauke shi, fes ba alamar ruwa. Muka je da ƙafa. Wani dattijo da ke noma a gefen ya ce mu biyo shi, ya kai mu gindin wata tsohuwar bishiya, ya ɗora tafin hannunsa a kan kututturen daidai ƙirjinsa. A wurin ɓawon ya canza launi, ga busasshiyar ciyawa da guntun leda maƙale a reshen ƙasa. Ya ce nan ruwa ke kaiwa a shekarar da aka yi damina mai ƙarfi, yakan kwana uku ko huɗu kafin ya janye. Da muka sa safiyo ya sake auna tudu da gangare, sai ga shi filin kwano ne mara zurfi, tazarar layukan da ke nuna tudu da gangare a tsohuwar taswirar ce ta ɓoye shi. Da yake tsarin bai kai ga sa hannu ba, aka mayar da wurin filin wasa da lambu mai riƙe ruwa, aka matsar da gidajen kan tudu. Gyaran bai wuce aikin kwana biyu a kwamfuta ba.

Na kuma ga akasin haka, kuma har yau yana damuna. An kira mu bayan majalisar wani birni ta amince da taswira, an fara raba takardun fuloti. Muka rubuta abin da muka gani a bakin rafin, aka karɓa, aka gode mana, aka ɗora rahoton a kan kanta. Ba wanda zai ƙwace fuloti daga hannun mutum ɗari uku. Tun ran gini ran zane.

Ta ina za ki fara

Kada ki fara daga shafi na ɗaya. Ki karanta taƙaitaccen bayanin da aka rubuta don wanda ba masani ba, sannan ki tsallaka babin zaɓi. Daga nan ki nemi taswirar ambaliya da ta dausayi da ta ƙasar noma, ki shimfiɗa su kusa da taswirar sabbin unguwanni, ki bi da yatsa. Duk inda launin gidaje ko na masana'antu ya hau kan ɗayansu, ki yi alama. Ki duba su wa ke zaune a gangaren rafi, da bayan juji, da inda iska ke kai hayaƙin masana'antu, domin sau da yawa mutane ɗaya ne ke ɗaukar duka ukun, kuma ba su ne ake gayyata zama ba.

Sai jadawalin matakan kariya, wanda yawanci yana can ƙarshe. Ƙa'idar aikin ita ce a fara da kauce wa ɓarnar, in ta gagara a rage ta, sannan a gyara abin da ya lalace, biyan diyya ko dasa wani daji a madadin wani shi ne na ƙarshe. Rahoton da ya yi tsalle zuwa dashen bishiya bai yi aikinsa ba. Ki karanta kalmomin da kyau. "Za a ƙarfafa wa masu gini gwiwa su bar fili" ba ta ɗaure kowa. "Ba za a ba da izinin gini ba a cikin mita kaza daga bakin rafi" ita ce magana. Kowane mataki ki tambaya: wa zai yi, yaushe, da kuɗin wa, kuma me zai faru in bai yi ba? Wanda na fi so in gani shi ne mai sharaɗi, misali ba za a buɗe kashi na biyu na unguwanni ba sai matatar ruwan ƙazanta ta fara aiki, ko in ruwan rijiyoyin gwaji ya sauka ƙasa da zurfi kaza a dakatar da sabon izini a sake nazari.

Ban ga rahotonku ba, kuma ƙarfin da ra'ayinku ke da shi ya danganta da dokar ƙasarku. A wurare da yawa rahoton ba ya hana hukuma zaɓar abin da ke da illa, yana tilasta mata ne ta faɗi illar a fili ta kuma ba da hujja. A Kalifoniya, misali, majalisar birni na iya amincewa da tsari mai illar da ba ta kaucewa, in ta rubuta dalilan da take ganin sun rinjaya. Shi kansa binciken ya fi gwaninta a ruwa da hanya, inda ake da lissafi, ya fi rauni a tsuntsaye da ƙananan halittu da kuma unguwannin da ke tashi ba izini, waɗanda a birane da yawa su ne kaso mai tsoka na girman. In tsarin bai tanadi fili mai araha ga mai ƙaramin ƙarfi ba, dausayin da aka shafa wa kore a taswira shi za a fara zama a kai.

Ra'ayinku ku ba da shi a rubuce, da lambar shafi da sunan wuri, ku nemi a ba ku amsa a rubuce kan kowane batu. Kafin nan ku raba taswirar tsakaninku, kowa ya ɗauki yanki ya taka da ƙafa, in da hali washegarin ruwan sama, ya tambayi waɗanda suka daɗe a wurin inda ruwa ke kaiwa, ya ɗauki hoto da kwanan wata ya haɗa da takardar.